Tambayar Nagoggo a Teburin Mahauci

A Magama, can bakin iyaka inda hanyar Jibiya take miƙewa ta nufi Maraɗi, an yi wani baduku ana ce masa Nagoggo. Hannunsa yana da kyau a kan fata, ba wanda ya taɓa musun wannan, sai dai bakinsa ya fi hannun aiki. Shekarar da aka fara zaɓen wakilai ya ajiye basilla ya bi motar gyaɗa zuwa Kano, daga can ya zarce Kaduna, Allah ya haɗa shi da aikin shara a farfajiyar Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa. Wata bakwai ya yi ya dawo. Shi dai ya ce hassada ce ta raba shi da aikin. Wani ɗan Bugaje da ya zauna Kaduna kuwa cewa ya yi an tarar da shi ne da hantsi yana sharar barci a kujerar Shugaban Majalisa, tsintsiya a cinya.

Tsintsiyar dai ba ta biyo shi gida ba, ko a cikin labari. Abin da ya biyo shi shi ne, "Sa'ad da muna Majalisa." In ana cinikin akuya sai ya ce a Majalisa ba haka ake yi ba. In liman ya tsawaita karatu sai ya ce a Majalisa da tuni an kaɗa masa ƙararrawa. Matarsa Barira, mai tuwo-tuwo a bakin hanya, ita kaɗai take iya tsayar da shi. Takan ce, "Ni dai shaida ce, Malam, ka baro Majalisa fes."

A ƙarshen daminar shekarar hamsin da shida rijiyar bakin iyaka ta rufta. A nan masu koro shanu daga arewa suke shayarwa, a nan fataken kanwa da dabino suke sauke jakunansu, a nan matan gari suke ɗiba. Da ta rufta sai aka koma tafiya har gulbi ana tonon rairayi. An kai kuka wurin mai gari, mai gari ya kai gaba, gaba ma ta kai gaba, shiru. Da rani ya fara zama, Manu, ardon Fulanin wurin, ya zo gindin tsamiyar kasuwa ya dogara sandarsa ya faɗi magana ɗaya: in ba a sami ruwa ba kafin bazara, masu shanu za su sauya burtali su riƙa bi ta Riko. Ba wanda ya nemi a yi masa fassara. In shanu suka daina bi ta Magama, mai fura da mai tuwo da mahauci duk sai su tattara komatsansu.

Ana cikin haka Alhaji Lawwali, wakilin da yake zauna musu a Majalisa, ya zo rangadi ranar kasuwa tare da akawunsa Malam Kalilu, wani siririn mutum mai tabarau wanda ba ya ɗaga murya. Alhaji ya saurari kukansu ya ce akwai hanya. Wakili yana da ikon ya yi wa gwamnati tambaya a rubuce, kuma tilas minista ya amsa. Majalisa za ta zauna nan da mako uku. Su shirya abin da suke so a tambaya, Malam Kalilu zai dawo kasuwa mai zuwa ya karɓa, shi kuma ya sa hannu.

Malam Kalilu ya gyara tabarau ya ce, "Abin ba shi da wuya. Magana ɗaya, gajeriya, ba yabo, ba zagi. Da Hausa ma ana karɓa. In kun yarda in rubuta yanzu, minti biyar ne. Abin lura dai shi ne kwana goma, don doka ta ce takarda sai ta..."

"Malam, hutar da bakinka," in ji Nagoggo, yana ture mutane yana matsowa gaba. "Ni da kwana goman nan mun san juna tun kana koyon abacada. Ranka ya daɗe, ka tafi da hankalinka kwance. Ga ɗan gida a nan."

Alhaji ya dube shi ya dubi agogo. Akwai ƙauyuka uku a gabansa, don haka ya ce to madalla, suka shiga mota.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba Nagoggo ya juya ga jama'a. "Kun ji shi? Minti biyar. Tambayar minti biyar ai amsar minti biyar za ta samu. Wa ya taɓa tunkarar gwamnati da layi ɗaya? Ko bazawara ba a nema da layi ɗaya. Ku bar mini wanga aiki, in ministan bai zo da kanshi da guga a hannu ba ku sauya mini suna."

Washegari ya kira zaman Majalisa a gindin tsamiya. Ya ce ba a zama sai da sandar girma a gaban Shugaba, ya aika aka ɗauko taɓaryar Barira, aka kwantar da ita a kan turmi biyu. Ya ce Shugaba ba ya zama da kai haka nan, sai da farin gashi mai saukowa har kafaɗa, ya kwana biyu da ma yana ajiye da wani buzun tunkiya, ya yanka ya ɗinke ya kifa a kansa. Buzun bai gama jima ba, ƙudaje suka riga kowa halartar zaman.

Manu ya buɗe baki zai yi maganar rijiya, Nagoggo ya ɗaga hannu. "Ardo, ba a magana daga zaune. Ka miƙe, ka dube ni, ka ce ya Shugaba."

Manu ya dubi buzun ya daɗe yana dubansa. "Shekara hamsin ina kiwo," ya ce, "yau ne na fara roƙon izini wurin tunkiya."

Duk da haka ya miƙe ya faɗi maganar rijiyar, don ita ta kawo shi. Da ya zauna sai Abdu mahauci ya tashi ya ce tunda hanya ta samu, a tambayi gwamnati mi za ta yi game da ungulaye. Hajjo mai fura ta ce ɗanta ya tafi Kumasi fataucin goro shekara bakwai ke nan, a tambaya ko gwamnati ta gan shi. Wani tsoho ya kawo zancen jakinsa da ya ƙetare iyaka bai dawo ba. Wani ya ce a tambaya dalilin da ya sa ashanar can ƙetare ta fi tamu kamawa. Nagoggo yana kaɗa kai, buzu yana rawa, yana cewa an karɓa, an karɓa.

Barira ta zo karɓar taɓaryarta ta tarar ana kan ashana. Ta ce, "Malam, ba cewa akawu ya yi magana ɗaya ba?"

"Magana ɗaya ce mana. Duk da baki anka yi ta."

"To ba ni taɓaryata, in ba haka ba yau Majalisa za ta kwana da yunwa."

Aka ɗage zama.

Sai batun rubutu. Nagoggo ya ce da Turanci za a yi. Da aka tuna masa an ce ana karɓar Hausa sai ya yi dariya ya ce ana karɓa mana, a sa ta can ƙarƙashi, ta Turanci ce take hawa sama. Shi kuwa duk Turancinsa bai wuce kalma huɗu ba, biyu daga ciki ma na korar kare ne. Mutum ɗaya ne a Magama yake rubutun boko, wani magidanci mai suna Lawal da ya yi shekara uku a lakwal, makarantar Faransi, a Maraɗi, yana zama bakin iyaka yana rubuta wa dillalan shanu takardu. Mushe Lawal ake ce masa, irin kiran da ake yi wa masu ilmi a can.

Lawal ya sosa ƙeya ya ce, "Ni fa Turancina na can ƙetare ne, na Faransi."

"Turanci ai Turanci ne. Bature ɗaya ne, hula ce ta bambanta su."

"Kuma ni takarda iri ɗaya na iya..."

"Takarda da ma iri ɗaya ce, fara. Ɗauki alƙalami."

Kwana biyu suka yi. Nagoggo yana kai da kawowa, hannu a baya, yana shifta. Ya fara da kirari, ya kira minista giwa mai karya itace, hadari malafar duniya, gulbi sha ba ka ƙarewa. Daga nan ya juya ya tsoratar da shi kaɗan, ya ce su sani mutanen Magama ba yara ba ne, kuma akwai mai suna Nagoggo a cikinsu wanda ya san inda kowane minista yake ajiye takalminsa. Sa'an nan ungulaye, da ɗan Hajjo, da jaki, da ashana. Rijiya ta samu shiga a shafi na shida. Lawal yana ta rubutu, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Sau ɗaya Nagoggo ya leƙa ya ce ya ga layukan suna kama da juna.

Lawal ya ce, "Haka Turanci yake."

"Na sani, gwada ka nike. Ka dai tabbata sunana ya fito sosai."

"Ya fito a kowane shafi."

Da aka gama shafi bakwai, Nagoggo ya tuna wani abu da ya taɓa ji ta taga yana bakin aiki: tambayar da aka sa wa tauraro, minista da bakinsa yake tashi ya amsa ta a gaban kowa. Ya nemo gwangwanin kananzir ya yanko tauraro kamar tafin hannu, ya huda, ya ɗinke shi a goshin takardar da zaren jijiya. Ya kuma tuna takardun Kaduna da jan ƙyalle ake ɗaure su, sai ya naɗe tasa ya ɗaure da tsirin jar fatar akuya, irin wadda yake yi wa layu riga.

"Saura kwana goma," ya ce wa jama'a. "Doka ta ce takarda sai an ɗora ta a kan tebur ta yi kwana goma cur. Da kunnena na ji ana faɗi, an ɗora a kan tebur, an ɗora a kan tebur."

Tebur biyu ne a Magama. Ɗaya na ma'aikatan iyaka, ba mai taɓa shi. Ɗayan na Abdu mahauci. Abdu ya ce ba zai fasa yanka don gwamnati ba, amma tunda ungulayensa suna ciki ya ba da kusurwa ɗaya. Ranar Alhamis aka ɗora takarda tsakanin tsokar cinya da kitse. Nagoggo ya kafa kujera a gefe, buzu a ka, mafici a hannu, yana korar ƙuda. Mai sayen nama in ya matso sai ya ce masa ya rage murya, takarda tana kwana. Kafin kwana uku mai ya ratsa ta har ana hango inuwar yatsa ta bayanta.

Ranar kasuwa Malam Kalilu ya sauko daga motar Katsina ya zo karɓa. Ya tsaya gaban teburin ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Wannan fa?"

"Tambaya ce. Kwananta uku, saura bakwai."

"Malam Nagoggo, kwana goman nan a hannun Akawun Majalisa ake nufi, a Kaduna. Sai ta isa can da kwana goma kafin ranar zama, don ma'aikatan minista su sami sukunin nemo amsa. In ban sa ta a gidan waya gobe ba, shi ke nan sai wani zaman, bayan damina."

"Ka taɓa ganin teburin Majalisa?"

"Ban taɓa shiga ba, amma ga littafin dokokin..."

"To ni na gan shi. Ƙarƙashinshi ma da hannuna na sha... na sha dubawa. Kai littafi ka karanta, ni abin na gani."

"To bari in buɗe in ga abin da aka rubuta."

Nagoggo ya kifa tafin hannu a kan takardar. "Takarda awa daddawa ce, Malam. In ka buɗe kafin kwananta ya cika, ta lalace."

Mutane suka goyi bayan Nagoggo, don muryarsa ta fi ƙarfi, kuma kowa yana da kaya a cikin takardar. Hajjo ta ce a bar ta ta nuna. Malam Kalilu ya wuce rumfar Barira cin tuwo. Daga inda yake zaune Nagoggo ya hango ta durƙusa tana yi masa magana, Manu yana tsugune a gefe. Ya ce wa Abdu, "Ka gani, haƙuri take ba shi. Mace tana da tausayi, ba ta son ta ga an kunyata baƙo."

Kwana goma suka cika ranar kasuwar da ta biyo, ranar da Alhaji Lawwali zai biyo ta Magama sallama kafin ya wuce Kaduna. Nagoggo ya shirya bikin ɗaga takarda. Ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya taje buzu, ya sa Abdu ya saɓa taɓarya ya yi gaba. Makaɗin mahauta ya zo da kalangu ba tare da an kira shi ba. Da motar Alhaji ta tsaya, Nagoggo ya ɗauki takardar da hannu biyu ya ɗora a faifai, ya ɗaga faifan sama da kansa don na baya su gani, ya fara takawa a hankali kamar mai tsoron fasa ƙwai.

Akwai wata shirwa da ta yi kwana goma tana kewaya teburin Abdu tana duban wannan abu mai maiƙo da jan tsiri a jiki, mafici yana hana ta. Yau ga shi an miƙo mata a faifai. Ta sauko ta sure, ta yi arewa.

Nagoggo ya dubi faifai ya dubi sama. Tauraron gwangwani yana ta walƙiya a rana yana ƙara nisa. Ya tattare riga ya bi. Ya tsallake buhunan kanwa, ya ture tulun Hajjo, ya kutsa tsakanin jakuna. Buzu ya zamo ya rufe masa ido, ya afka cikin karangiya, ya tashi ya ci gaba da ita manne a riga da gashin tunkiya. Ya sunkuya ta ƙarƙashin sandar ma'aikatan iyaka ana kiransa bai waiwaya ba. Kasuwa duk ta watse ta bi bayansa, Abdu da taɓarya, mai kalangu bai fasa kiɗa ba, Alhaji da Malam Kalilu suna tafe a baya da sauri-sauri.

Shirwa ta wuce dutsen iyaka, ta gwada jar fatar da baki ta ji ba nama ba ce, ta saki. Takardar ta faɗo gaban rumfar masu tsaron iyaka na can ƙetare. Babbansu, wani Bagobiri mai suna Ummaru, ya ɗauka ya riƙe da yatsa biyu. Tsakanin Gobirawa da Katsinawa kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni, don haka da ya ga Nagoggo ya iso yana haki cikin buzu da ƙaya, sai ya gyara zama.

"Ba ni, takardar gwamnati ce," in ji Nagoggo. "Ba a buɗewa. Ko ka buɗe ma ba ka iya karantawa, Turanci ne."

Ummaru ya kwance jar fatar ya buɗe ya duba. "Wanga ai Turancinmu ne. Kullum shi nike karantawa." Ya jira jama'a suka taru, ya share murya, ya riƙa karantawa yana fassarawa. "Takardar ƙetare iyaka da dabbobi. Sunan mai dabba, Gwamnati. Irin dabba, Nagoggo. Yawansu, ɗaya. An duba lafiyarshi, an yi mishi allura, ba shi da ciwon bushiya."

Ya juya shafi. "Sunan mai dabba, Gwamnati. Irin dabba, Nagoggo." Ya sake juyawa. "Nan ma haka. Sau shida a kowane shafi, har ƙarshe."

Dariyar da aka yi, jakuna ma sai da suka tsorata. Nagoggo ya juya yana neman Lawal, ya same shi yana laɓe bayan Manu.

"Na faɗa maka takarda iri ɗaya na iya," in ji Lawal. "Ka ce in tabbata sunanka ya fito, ni kuwa gurbi biyu ne a takardar, na mai dabba da na dabba. Na ga bai kamata in sa Gwamnati a na biyun ba."

Ummaru ya jawo hatiminsa ya hura masa iska ya buga a kan takardar. "Ta cika, ba kuskure. Ga gashin ma shina nuna gaskiya. Ranka ya daɗe," ya ce wa Alhaji, "in kai ne wakilin mai dabba, kana iya korawa ka koma da abinka. Mu da ma mun daɗe muna faɗi game da Katsinawa, yau dai ga shi a rubuce."

Alhaji Lawwali ya karɓi takardar da gefen rigarsa, yana ƙoƙarin haɗiye dariya. Ya taɓa tauraron ya yanke shi a yatsa. "Wannan kuma na mene ne?"

"Tauraro ne, ranka ya daɗe, don minista ya amsa da baki."

"Tauraron ai ɗan ɗigo ne na alƙalami, bai kai ƙwayar gero ba. To da a ce an rubuta abin da ka faɗa, me ka ce a ciki?"

Nagoggo ya ɗan sami ƙarfi, ya fara jero giwa mai karya itace. Alhaji ya ce ba a yabo. Ya kawo wurin takalman ministoci, Alhaji ya ce ba a barazana. Ya kawo jakin da ya ƙetare iyaka da ɗan Hajjo na Kumasi, Alhaji ya ce ba a tambayar minista abin da ba ya ƙarƙashin ikonsa. Da ya kai ashana Alhaji ya ɗaga hannu.

"Ko da ka rubuta ta da ruwan zinariya, ranar karɓa ta wuce tun Alhamis. Akawun Majalisa ya rufe."

A nan dariya ta tsaya. Hajjo, da fura duk ta ɓata mata zani, ta dubi Abdu, Abdu ya sauke taɓarya daga kafaɗa. Kowa ya tuna bazara da burtalin Riko. Nagoggo ya ji idanu sun yi masa nauyi, ya zare buzun a hankali ya riƙe a hannu, kansa sharkaf da gumi.

Sai Malam Kalilu ya buɗe jakarsa ya fito da wata 'yar takarda da ba ta kai tafin hannu ba. Ya ce wannan kwafi ne, ainihin ta isa Kaduna da sauran kwana, Alhaji ya sa mata hannu. Ya karanta: "Shin Minista yana sane da cewa rijiyar bakin iyaka ta Magama ta rufta, kuma yaushe za a gyara ta?"

"Shi ke nan?" in ji Abdu.

"Shi ke nan. Matar Malam Nagoggo ce ta faɗa, Ardo ya shaida, na rubuta kafin tuwona ya huce."

Nagoggo ya ɗaga kai. "To ai kun gani. A gidana ta fito. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Dabara ce, mun aika biyu don in ɗaya ta..."

"Malam," in ji Barira, "taho mu je gida in cire maka ƙaya. Gwamnati ba ta son a bar mata dabba cikin rana."

Bayan wata guda amsa ta zo. Malam Kalilu ya kawo ta, aka taru gindin tsamiya ya karanta: "Na'am, an sani. Al'amarin yana hannun waɗanda abin ya shafa, kuma za a duba shi da zarar hali ya yi."

Aka jira ya ci gaba, ya ninke takardar.

Manu ya ce, "Wane ne Hali? Ɗan wane gari ne?"

Malam Kalilu ya ce ba mutum ba ne, kuma a iya saninsa ba ya cika zuwa da wuri.

Manu ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce shi dai saniya bai taɓa ganin ta sha "za a duba" ta ƙoshi ba. Fulani za su kawo igiya da shanun ja, mutanen gari su kawo diga da kwanduna, gobe gayya. Da aka zo batun wanda zai fara shiga ramin, ba a yi gardama ba. Duk kawuna suka juya wuri ɗaya.

Kwana tara Nagoggo yana sauka yana cika kwando da laka ana ja. Hannun baduku ne, bai saba da diga ba, ya yi kanta ya fashe, amma bai yi fashi ba ko sau ɗaya, kuma a ƙasan rijiya ba wanda zai ba labari. A rana ta tara da la'asar ya kafta diga, ruwa ya tsattsafo ta tsakanin yatsun ƙafarsa, ya hau har idon sawu. Mata suka rangaɗa guɗa a sama. Manu da kansa ya kama igiya ya fara jawo shi.

Nagoggo ya kai rabin rijiya, yana lilo, laka har gira, ya ji ana ambaton sunansa da alheri a karo na farko tun ranar shirwa. Ya ɗaga kai ya ƙwala murya.

"Jama'a, yanzu abin da ya rage, doka ta ce sai an rubuta wa Majalisa takardar janye tambaya. Ku bar mini wanga aiki, ni na san yadda..."

Igiya ta tsaya cak. Manu ya leƙo, fuskarsa ta tare hasken bakin rijiya.

"Mi ka ce, Nagoggo? Ban ji ba."

Nagoggo ya dubi ƙasa, gaba shida zuwa ruwa. Ya dubi sama, gaba shida zuwa Manu, wanda ya fara sassauta yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Cewa na yi ruwan da sanyi, Ardo."

"Haka na zata," in ji Manu, ya ci gaba da ja.